Ka Ce Ba Ka Gani Ba

Tun kafin in fara, kada wata ta sauko ƙasan rubutun nan ta ce min "ai da kin yi haƙuri." Na sani. Haƙuri dai ba a gidanmu aka haife shi ba. Mu in ƙofa ta cije ba ma neman makulli, kafaɗa muke sa mata. Abba haka yake, Gwaggo ƙanwarsa ta fi shi, Yaya kuwa shi ya kwashe kaso mafi tsoka, ni auta aka bar min baki. Umma ce kaɗai mai sanyi, ita ma zama da mu ya fara ɓata ta.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: Yaya ɗan ƙwallo ne, ƙwallon gaske wadda ake ci da ita, mai tsaron baya a babban kulob ɗin garinmu. 'Yan kallo Guduma suke ce masa, kuma wallahi ba su yi masa ƙarya ba. Ni kuma a shagon tabarau nake aiki, ina goge gilasai, ina gyara wa mutane firam a kan hanci. A nan na haɗu da wanda nake kira Mai Tuta. Mataimakin alƙalin wasa ne, irin masu gudu a gefen fili da 'yar tuta a hannu. Duk shekara sai an gwada musu ido, shi ne ya zo. Na ce masa, "Ashe da gaskiyar 'yan kallo da suke ce muku makafi." Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro katin gargaɗi, yalo, ya ɗaga min a gaban mai shagon. Tun daga ranar, in na yi masa rashin kunya a waya, hoton katin kawai yake turo min. Bai taɓa turo ja ba, ko da yake na sha cancanta.

Asabar mai zuwa manyansa za su zo wajen Abba. Umma ta sa an wanke labule, an sauya rigunan kujeru, tela ya kawo min doguwar riga ruwan zuma da mayafinta. Tana nan rataye a bayan ƙofar ɗakina cikin leda, kullum sai na shafa ta kafin in fita aiki. Ku riƙe wannan, don a kansa nake ta wannan zarya.

Ranar wasan su Yaya na ƙarshen makon da ya wuce duk muna falo, har da Gwaggo da ta zo wai duba labule. Mai Tuta ba ya riƙe tuta a wasan su Yaya, shi da kansa ya gaya wa shugabanninsa yana neman ƙanwar Guduma. Amma ranar ɗaya mataimakin ya gurɗe a wajen motsa jiki, shi kuma yana filin, ya gama wasan matasa da aka yi kafin na manya. Sai kawai muka gan shi a talabijin, cikin gajeren wando, yana gyara safa.

"La, ga surukinmu!" in ji Gwaggo. "Kai, ƙafafu kamar na zakara."

Na harare ta ta ƙasan ido.

Ana dab da tashi aka samu bugun kusurwa. Aka cakuɗe a gaban raga, sai ga wani siririn ɗan wasan gaba na ɗaya kulob ɗin a ƙasa, ya riƙe fuska, jini na bi ta tsakanin yatsunsa. Yaya na tsaye a kansa ya ɗaga hannu sama, shi a dole bai taɓa kowa ba. Alƙali ya ruga gefen fili wajen Mai Tuta, suka rufe baki da hannu suka yi magana. Alƙali ya dawo ya ɗaga yalo.

"Alhamdu lillahi!" Gwaggo ta tafa. "Kun gani ko? Naka sai naka."

Murnar ba ta kwana biyu ba. Washegari wani ɗan kallo da ke bayan raga ya saki bidiyon da ya ɗauka da wayarsa. A talabijin turewa kawai aka gani. A wannan kuwa, bayan turewar, ga gwiwar hannun Yaya nan ta tafi da gangan ta sauka a fuskar yaron. Ƙashin kuncinsa ya karye. Na ga hotonsa a gadon asibiti, fuska a naɗe, yana shan abu da tsinken roba, wata mata da nake zaton uwarsa ce ta dafa masa ƙafa. Na kifa wayar a kan katifa. Ba zan yi muku ƙarya ba, tausayinsa ya kama ni, amma tsoron abin da zai same mu ya fi ƙarfi.

Don Yaya da ma yana da tsohon tabo. Bara wani ɗan kallo ya zagi Umma a wajen ajiye motoci, Yaya ya kwaɗa masa mari. Ba a fili ba ne, ba ƙwallo ba usur, amma kwamitin ladabtarwa na hukumar ƙwallo ya ce ɗan wasa ɗan wasa ne ko a kasuwa yake. Suka dakatar da shi wasu wasanni, sauran hukuncin suka rataye masa: in ya sake ɗaga wa wani hannu, tsoho da sabo za a haɗa masa. Kulob kuma ya ce a ranar zai tattara kayansa.

Da yamma aka sanar kwamitin zai zauna ranar Talata da safe, kuma zai kira alƙali da mataimakinsa. Yaya ya bugo sau ɗaya tak daga masaukin 'yan wasa. Ya ce lauyan kulob ya hana shi waya, kuma kada kowa a gida ya sa baki. Ƙit, ya kashe.

"Kada a sa baki?" Gwaggo ta zame ɗankwali gaba. "Yaro man kaza. Shi ya san ƙwallo, mu muka san duniya. Ke Auta, zo nan."

Na zo na zauna a hannun kujera.

"Sauka ki zauna kamar mutum. Wa alƙali ya tambaya a fili?"

"Shi."

"To shi za su tambaya a can. Shari'a ai sai da shaida. In shaida ya ce bai gani ba, me ya rage?"

"Gwaggo, ga bidiyo fa."

"Bidiyon banza! Yanzu ko ni sai a haɗa ni da giwa a bidiyo. Ido shi ne shaida. Ki gaya masa ya ce bai gani ba, shi ke nan magana ta mutu."

Na dubi Umma. Tana ta murza gefen zaninta, idonta ya yi ja. Ta ce, "Auta, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yayanki ne."

Abba yana kujerarsa, rediyo a kan cinya a kashe. Bai ɗago ba ya ce, "Ni ban aiki kowa ba. Amma mutumin da zai tsaya gaban jama'a ya tona wa ɗana asiri ranar Talata, kada manyansa su wahalar da takalmansu ranar Asabar."

To kun ji. Ban aike ki ba, amma ga hanya.

Litinin na tafi shago kaina kamar zai tsage. Na saka wa wata mata firam a karkace har sai da ta ce, "'Yan mata, ni ce a karkace ko tabaran?" Mai shagon na leƙo ni ta saman gilashinsa. Na faki ido na shiga bayan kanta, na rubuta, na goge, na sake rubutawa. Daga ƙarshe abin da na tura ke nan:

"Gobe ka ce ba ka gani ba. In kana so na ka ce ba ka gani ba. Kada ka kira ni sai ka faɗa."

Ko minti ba a yi ba wayar ta hau ruri. Na kashe. Ta sake, na kashe. Saƙo ya shigo: "Ki ɗauka, ba ki gane ba." Kan uba, ni ce ban gane ba? Na ji zuciyar gidanmu ta taso min har wuya. Na san halinsa sarai, yanzu zai fara min doka kaza, sashe kaza, amana, rantsuwa, a hankali kamar mai karanta wa yaro darasi. Ni kuma na san in na ji muryarsa zan yi laushi, in na yi laushi kuma ba Asabar. Na rubuta: "Ba na son bayani. E ko a'a." Sai ga saƙon murya, dogo, har layin ya cika. Ban buɗe ba. Na jefa wayar cikin durowar kyallayen goge gilashi na tura da gwiwa.

Duk yinin nan durowar na gurnani. Wani dattijo da ya zo karɓar tabaransa ya ce, "'Yata, ko kyanwa kuka kulle a ciki?" Na yi yaƙe na ce firij ne. Da na tashi na duba, kira rututu, da saƙo ɗaya na ƙarshe: "Ki saurari abin da na turo kafin gobe, don Allah." Na jira hoton katin yalo. Bai turo ba. Wannan ya tsaya min a rai, amma na ce shi ma ya ji yadda ake ji.

Da na koma gida Gwaggo na bakin ƙofa.

"Kin faɗa masa?"

"Na faɗa."

"Ya ce me?"

"Yana ta kira."

"Kada ki ɗauka. Namiji in ka ba shi kunne ya gama da kai. 'Yar gidana!" Ta dafa kaina. Ni kuwa, Allah Ya yafe min, har wani daɗi na ji.

Talata ban je aiki ba, na ce ciwon kai. Na share ɗakina, na sake sharewa. Na ciro rigar daga leda na kara a jikina gaban madubi, na mayar. Na fito falo, na koma, na sake fitowa. Umma ta dafa shayi ba wanda ya sha. Gwaggo ta kafa kujera kusa da taga da carbi, tana ja tana leƙen titi. Wajen azahar saƙo ya shigo wayata. Shi ne.

"Na faɗi abin da kika ce. Shi ne kuma gaskiya. Allah Ya sani ban ji daɗin haɗuwarsu ba."

Ban tsaya kan jimlar ƙarshe ba, na fito da gudu. "Ya faɗa! Ya ce bai gani ba!"

Gwaggo ta miƙe har carbinta na faɗuwa. Umma ta ɗaga hannu sama tana hawaye. Abba ya ce, "To, ashe yaron yana da mutunci," ya kunna rediyonsa. Umma har ta fara lissafin kujerun da za a aro ranar Asabar.

Ba mu gama ba muka ji an ja birki a waje. Aka bugo ƙofar gida har ta daki bango. Yaya ne, cikin rigar atisaye, babbar jakarsa a kafaɗa, da wata leda cike da takalman ƙwallo. Ni tunda na ga ledar nan na san ba lafiya, don takalmansa a akwatinsa na kulob suke zama.

Ya watsar da su a tsakiyar falo.

"An dakatar da ni har ƙarshen kakar wasa," ya ce. "Da na bara da suka rataye min. Kulob ya ce in kwashe kayana."

"Kamar yaya?" in ji Gwaggo. "Ba yaron ya ce bai gani ba?"

"Shi ya kashe ni ai!"

Rediyo na ta surutu. Abba ya kashe ta.

Yaya ya fara zagaye teburi, yana magana yana huci. "Doka ce, kowane ɗan wasa ya san ta. In alƙalai sun ga abu a fili sun yanke hukunci, an gama, kwamiti ba ya sake buɗewa. An ba ni yalo, ya wuce. Sai in sun ce abin ya ɓace musu, ba su gani ba, sannan ake kunna bidiyo. Alƙali ya ce shi mataimakinsa ya tambaya. Aka juya kan mataimaki. Abu ɗaya ake jira ya ce: na gani, na ga yalo ya isa. Lauya ma ya ce min in kwantar da hankali, ai surukina ne. Sai mutumin nan ya tashi, ya dube ni ido cikin ido, ya ce shi turewa kawai ya gani. Nan take suka kashe fitila suka kunna."

Garin gyaran gira an rasa ido. Na jingina da bango. Na dubi Umma, ta sunkuyar da kai. Na dubi Gwaggo. Wallahi ina kallo ta haɗiye yawu, ta gyara zama, ta ɗauko sabuwar fuska.

"Munafuki!" ta ce. "Ashe ya san dokar ya yi shiru. Da ma ni tun ranar da na ga ƙafafun nan ban yarda da shi ba."

"Gwaggo!"

"Ke rufe min baki. Shi ba aikinsa ba ne? Mu mata me muka sani?"

Abba ya miƙe. "A aika wa mutanensa. Asabar ba mu nan."

Ba wanda ya gaya wa Yaya mu muka sa baki. Umma ta buɗe baki, Gwaggo ta yi mata wani kallo, ta mayar ta rufe. Na shige ɗaki na tura ƙofa, rigar ta yi lilo a bayanta. Na nemo saƙon muryar nan da ya kwana yana jira na, na kara a kunne. Na saurara har ƙarshe. Da ya ƙare na zauna a ƙasa, don gadon ya yi min nisa.

Ga abin da ya ce, a taƙaice. Ya ce shi da gaske bai ga gwiwar hannun ba, jikin mai tsaron gida ya tare shi. Ya ce in ya faɗi haka za a buɗe bidiyo, Yaya ya shiga uku. In kuma ya ce ya ga komai ya bar shi a yalo, Yaya ya tsira, amma shi za a ce ya ga an fasa wa yaro fuska ya rufa wa suruki asiri, su karɓe tutarsa, ba zai sake tsayawa gefen fili ba. Ya ce bai taɓa ƙarya a aikin nan ba, kuma ya je asibiti ya ga yaron, abin ya hana shi sukuni. Amma ya ce in na saurara, na gane, na kuma ce ya yi, to in kira shi kafin ya shiga, shi bai san me zai ce min ba, amma in kira.

Ban kira ba. Ni da ko ɗauka ban yi ba.

Ina zaune wani saƙon ya shigo: "Na ga ba ki buɗe ba har na shiga. Na san ba ki gane ba. Na fake da saƙonki ne don gaskiya nake so in faɗa. Kada ki ɗora wa kanki duka, rabi nawa ne."

Kun ji mutum. An kore shi daga gidanmu bai ma sani ba, yana raba laifi da ni. Na rasa haushinsa zan ji ko kuka zan yi, sai na yi duka biyun. Kuma can ƙasan raina, inda ba na so in leƙa, na san da na kira shi na sa ya yi ƙaryar, da na raina shi har abada, da kuma hoton yaron nan mai tsinken roba bai bar ni ba.

Ƙarar makullan mota ce ta tashe ni. Na ji Umma na cewa, "Ina za ka? Don Allah ka zauna!" Na ji Yaya ya ce, "Na san inda alƙalai suke atisaye da yamma. Tambayarsa kawai zan yi."

Tambaya! Ni na san tambayar Yaya, ɗan kallon bara ma tambayarsa ya yi. Kuma wannan karon alƙali ne. Ɗan wasan da ya taɓa alƙali, ko a fili ko a titi, ba kaka ɗaya ba ce, shi da ƙwallo sai a talabijin. Wannan dokar kam ko ni na san ta.

Ban san lokacin da na fito ba, ba ɗankwali ba takalmi. Na riga shi zuwa ƙofar falo, na murza makulli, na zare, na jefa cikin rigata, na juya na jingina bayana.

"Matsa, Auta."

"Ba inda zan matsa."

"Ke, ba na wasa da ke yau."

"Ni ma ba wasan nake ba. Ni na ce masa ya ce bai gani ba."

Ya tsaya. "Me kika ce?"

"Ni ce. Ka ce kada a sa baki, aka sa, kuma nawa aka sa. Ya kira ya kira zai gaya min dokar, na ƙi ɗauka."

"Ƙarya take, kare shi take yi!" Gwaggo ta taso. "Yarinyar nan an shanye ta."

"Gwaggo, in na fara kiran suna ba zan tsallake kowa ba."

Ta koma ta zauna.

Yaya ya matso har ina jin hucinsa a goshina. Jijiyar wuyansa ta miƙe, hannunsa ya tashi sama, hannun daman nan dai na cikin bidiyo. Umma ta ƙwalla salati. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma ni ma 'yar gidan ce.

Na ce, "In dukan ne ga ni, ba sai ka ƙona mai ba. Ni ba ni da kwamiti, ba mai dakatar da kai. Amma kafin nan kowa a falon nan zai ji abin da na ƙi ji jiya. Har kai Abba, sannan ka aika abin da za ka aika."

Ban taɓa yi wa Abba magana haka ba. Ya dube ni, amma bai fita ba.

Na ɗaga wayar tsakanina da hannun Yaya, na ƙure sauti, na danna. Aka ji ƙarar iska, aka ji ya gyara murya, sannan muryarsa ta cika falon, a hankali kamar kullum:

"'Yar rigima, don Allah ki saurare ni har ƙarshe. Sau ɗaya dai a rayuwarki."

Hannun Yaya na nan a sama, bai sauka a kaina ba, bai kuma koma ba. A gidanmu da ba a taɓa barin mutum ya kai aya ba, ba wanda ya yi ko tari.